Mikin Tiyatar Zuciyar Maigidana Ya Yi Ruwa, Dangi Sun Ce Sakacina Ne

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Zariya, shekarata 27 a gidan mijina. Maigidana yana da shekara 61, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya shekara 14 yana fama da ciwon suga, ga shi kuma mai jiki ne ƙwarai. Yau kwana 26 da aka yi masa tiyatar zuciya a Indiya, irin wadda ake ce wa baifas, kuma ni na raka shi. A daren da aka yi aikin sai da aka sake mayar da shi ɗakin tiyata saboda jini ya ƙi tsayawa, aka yi masa ƙarin jini, ya kwana uku inji na yi masa numfashi. Kwananmu 9 da dawowa gida. Tun shekaranjiya ƙasan ɗinkin ƙirjinsa ya yi ja yana tsatsar da ruwa mai kauri, inda aka yanka a ƙafarsa ma ya kumbura, da dare yana rawar ɗari, sugansa kuma ya ƙi sauka daga 280. Ya ce ba zai koma asibiti ba domin an kashe kuɗi da yawa a kansa, kafso kawai yake sha da aka sayo masa a kemis. Yayarsa ta ce sakacina ne, ban iya wanke ciwo ba, ta kawo zuma ta ce a riƙa shafawa. Ƙaninsa, wanda ya biya mafi yawan kuɗin, ya ce likitocin can ne suka ɓata aiki, a mayar musu da shi. Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne, Alhaji ya daɗe yana shan taba a ɓoye, bai daina ba sai ana saura kwana biyar mu tafi, kuma tun da muka dawo sau biyu ina jin warinta a banɗaki. In na faɗa, na wanke kaina amma na tona masa asiri. In na yi shiru, laifin yana kaina. Me ya jawo wannan, kuma yaya zan yi?

Hajiya, daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ce. Tun ranar da wasiƙarki ta iso na aika miki da gajeren saƙo cewa a kai shi asibiti kada a kwana, kuma da wannan maganar zan sake farawa a nan, domin duk sauran abin da kika tambaya zai iya jira, ita kuwa ba za ta jira ba. Miki mai fitar da ruwa mai kauri, da rawar ɗari, da sugan da ya hau ya ƙi sauka, idan suka haɗu a jikin mutumin da bai cika wata guda da tsaga masa ƙashin ƙirji ba, alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma ba mai iya gane zurfin shigarsu da ido, ko ke, ko yayarsa, ko mai kemis, balle ni da nake rubutu daga nesa. Ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki riƙe duk takardun sallamar da aka ba ku a Indiya, da duk magungunan da yake sha har da kafson kemis ɗin a cikin kwalinsa, ki shaida wa likitan farko da kuka gani cewa tiyatar zuciya aka yi masa, ki roƙi a kira likitocin tiyatar ƙirji su gan shi. Kada ya tuƙa, kada ya hau babur, ya zauna a bayan mota ya rungume matashi a ƙirjinsa saboda gargadar hanya.

Dalilin wannan matsawa yana cikin yadda ake yin aikin. Ana tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama har ƙasa a kai ga zuciya, sannan a ɗebo jijiyoyin jini daga wani wuri a jikin mutum a yi wa jini sabuwar hanya da za ta kewaye inda ya toshe. Galibi ana ɗaukar wata jijiya da ke bin bayan ƙashin ƙirjin ta ciki, da kuma doguwar jijiyar ƙafa, shi ya sa kika ga yanka a ƙafarsa. Idan an gama sai a ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe, a ɗinke nama da fata. To, wannan jijiya ta cikin ƙirji dama ita ke ciyar da ƙashin da jini, saboda haka da ragaggen abinci yake fara warkewa, musamman idan an ɗebe ta hagu da ta dama duka, kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Ciwon da ya tsaya a fata yakan warke da wanki da maganin da ya dace. Wanda ya nutsa har ƙashi da bayansa, inda zuciya da sababbin jijiyoyin suke, yana samun kimanin mutum 1 zuwa 3 cikin kowane 100 da aka yi wa wannan aiki, kuma yana iya kisa idan aka yi masa jinkiri. Likita zai danna ƙashin ya ji ko yana motsi, ya ɗebi ruwan mikin da jini a kai ɗakin gwaji, wataƙila kuma a ɗauki hoton cikin ƙirjin. Idan Alhaji ya taɓa ce miki yana jin wani ƙas-ƙas a ƙirjinsa in ya yi tari ko ya juya, ki faɗa tun kafin a tambaye ki.

Kin tambayi abin da ya jawo. A cikin wasiƙarki kaɗai na ƙirga abubuwa shida da likitocin tiyata suka daɗe da sanin suna lalata mikin wannan aiki, kuma dukkansu sun riga hannunki isa wurin.

Babbansu shi ne ciwon suga. Idan suga ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙar cuta sukan yi sanyin jiki, shekara 14 kuma ta isa ta ƙuntata ƙananan jijiyoyin da ke kai wa miki iska da abinci. A shekarun 1990 likitocin wani asibiti a birnin Potlan na Amurka sun koma ɗaura wa masu ciwon suga insulin, wato maganin saukar da suga, ta jijiya ba yankewa a kwanakin farko bayan tiyatar zuciya, sai zurfafan ciwukan ƙashin ƙirji suka ragu da fiye da rabi a cikinsu. Abin da ake nema a yau bayan irin wannan aiki shi ne kada suga ya wuce 180, wato 10 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, ga shi na Alhaji yana 280. Wani abin lura kuma, shi kansa ciwon yana tura suga sama, sugan kuma yana ƙara wa ciwon ƙarfi, har sai an karya wannan kewaye ta ɓangarorin biyu. Saboda haka kada ki yi mamaki idan aka ce a ajiye ƙwayoyin da ya saba sha a koma allurar insulin na wani lokaci. Mutanenmu da yawa suna tsoron wannan allura, suna ganin wanda ya fara ta ya kai ƙarshe, alhali a irin wannan hali sau da yawa ta wucin gadi ce. Ki kuma sani mai tsohon ciwon suga yana iya ɗaukar mummunan ciwo ba tare da jikinsa ya yi zafi sosai ba, don haka rashin zazzaɓi mai ƙarfi da rana kada ya kwantar muku da hankali.

Ƙiba tana bin bayansa. Kitse ba shi da wadatar jini, ɗinkin da ya ratsa shi yana jinkirin kamewa, nauyin tumbi kuma yana jan ƙasan mikin duk lokacin da mutum ya zauna ko ya yi tari, ga gumi da ke taruwa a lanƙwasar fata. Ba abin mamaki ba ne da kika ce daga ƙasan ɗinkin abin ya fara. Komawa ɗakin tiyata a daren farko ya sa an buɗe ƙirjin sau biyu, an ƙara tsawon lokacin da cikinsa ya zauna a buɗe. Ƙarin jini da daɗewa a kan injin numfashi su ma kowanne yana cikin abubuwan da aka sani suna ƙara haɗarin, ko da yake dukkansu don ceton ransa aka yi su, kuma da ba a yi ba da wata magana ake yi yanzu.

Sai taba. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke jijiyoyin jini, hayaƙin yana rage iskar da jini ke ɗauka, tarin mai shan taba kuma yana girgiza ƙashin da wayoyi kawai ke riƙe da shi, har wayar ta iya yanka ƙashin ta yi sako-sako. Likitoci suna so a daina aƙalla mako huɗu kafin tiyata. Kwana biyar bai isa ba, komawa gare ta bayan aikin kuwa ya fi muni, domin har sababbin jijiyoyin da aka dasa tana yi wa illa.

Ƙwayar cutar da ta fi yawan haddasa wannan ciwo, wadda likitoci ke kira istafilokokas, a jikin mutum take zaune. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hancinsa cikin ƙoshin lafiya, shi ya sa asibitoci da yawa suke shafa wa majinyaci magani a hanci, su sa ya yi wanka da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, su rage gashin ƙirji da kilifa maimakon reza mai barin ƙananan tsagu. Galibin irin waɗannan ciwuka tun lokacin aikin ƙwayar ke shiga daga fatar mutumin kansa, ta yi lamo, sai bayan mako biyu zuwa huɗu ta bayyana, wato daidai lokacin da majinyaci ya dawo gida yana hannun matarsa. Daga nan ake samun kuskuren ɗora laifi a kan wadda ciwon ya fito a gabanta.

Ba zan ce miki kulawar gida ba ta da tasiri ba, domin tana da shi, musamman ga mikin ƙafa. Amma idan akwai abin da zan ce ki gyara, ban ga alamarsa a wankin ciwo ba. Abin da na gani shi ne kwana biyun da aka yi ana shan kafso ana jayayya a tsakar gida. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sayo bisa kintace yakan danne alamu ya bar tushen, yana kuma iya sa gwajin ruwan mikin ya kasa nuna ƙwayar da za a yaƙa. Wannan ya wuce, sai dai a gaya wa likita sunan kafson da yawan kwanakin da ya sha. Magungunan zuciyar da aka sallamo shi da su kuwa, musamman asfirin da sauran masu hana jini daskarewa, kada a tsayar da ko ɗaya sai da umarnin likita.

Maganar asirin nan ita ce na ga ta fi ci miki rai, kuma ina ganin kin ɗauka hanya biyu ce kawai a gabanki, ko ki faɗa wa dangi ko ki yi shiru. Akwai ta uku. Likita dole ya sani, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma saninsa zai canza yadda zai kula da huhu, da tari, da shawarar ko za a sake buɗe ƙirjin, ga shi kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi kai maganar ga kowa ba da izinin majinyaci ba. Dangi kuwa ba su da buƙatar sani. Saninsu ba zai ƙara wa mikin komai ba, zai dai zubar da girman dattijon da ke kwance, kuma ranar da ya warke ba zai manta bakin da maganar ta fito ba. Shekara 27 kina rufa masa asiri, kada zafin zargin kwana biyu ya sa ki yaye shi. Ki same shi ku biyu, ki ce masa kin ji warin, ba ki faɗa wa kowa ba kuma ba za ki faɗa wa dangi ba, amma likita kam sai ya ji, ko daga bakinsa ko daga naki. Ki ba shi damar ya faɗa da kansa, domin hakan ya fi masa mutunci. Idan ya ƙi, ki gaya masa ƙarara cewa za ki faɗa, sannan ki ja likitan gefe ki faɗa. Kada ki yi masa gori, domin shan taba na shekaru kamu ne mai ƙarfi wanda niyya kaɗai ba kullum take isarsa ba, kuma akwai abin mannawa a fata da cingam na nikotin da likita zai duba ko sun dace da zuciyarsa. Ki kuma yi tunanin wannan: mutumin da ba ya fita ƙofar gida, wani ne ke sayo masa. Ki gano wane ne, ki yi masa magana a tsanake.

Ƙin zuwansa asibiti, a ganina, nauyin ƙaninsa yake ji, da tsoron a sake kwantar da shi a kan teburin da ya sha wuya. Ki nuna masa cewa kuɗin da yake jin nauyinsu zuwa da wuri ne zai tsare su, domin ciwon da aka kama a fata kuɗinsa kaɗan ne, wanda ya kai ƙashi kuwa yana iya cin makonni a gadon asibiti. Idan maganarki ba ta shige shi ba, ki kira amininsa ko limamin unguwarku, ko ma shi ƙanin ya faɗa masa da bakinsa cewa abin da ya kashe ba bashi ba ne. Ki ɗauki hoton mikin ki tura wa likitan da ya yi aikin ta WhatsApp, domin da wuya Alhaji ya musa wa wanda ya buɗe masa ƙirji. Amma idan kika ga ya fara sambatu, ko numfashinsa ya yi sauri, ko mikin ya buɗe, ko jini ya fito, ba sauran neman yardarsa, a ɗauke shi kawai.

Yayarsa ta ɓata miki rai, kuma kina da gaskiyar jin zafi. Sai dai ki tuna ƙaninta ta gani da tsaga daga wuya har ciki, tsoro kuma yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, mafi kusa kuwa ke ce. Kada ki yi gardama da ita a kan falalar zuma, domin ba mai musun cewa Alƙur'ani ya ambaci waraka a cikinta, har asibitoci ma suna da zumar miki ta musamman da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, wadda ma'aikatan jinya ke sawa a irin mikin da likita ya zaɓa. Zumar kasuwa ba a yi mata wannan tsarkakewa ba, wata ma an haɗa ta da sukari, kuma miki mai waya da ƙashi a ƙarƙashinsa ba wurin gwaji ba ne. Shan ta ma a yanzu suga zai ƙara masa. Ki tafi da ita asibiti ta ji bayanin suga da ƙiba da tiyata biyu daga bakin likita, wannan ya ishe ki wanke kai ba tare da an ambaci taba ba. Sannan ki roƙe ta wani aiki da ita kaɗai za ta iya, wato tsare ƙofa. Kin san yadda dubiya take a Zariya, ɗaki ya cika, kowa ya miƙa hannu, wani da mura, wani da kwalaben malt da lemo, wani ma ya ce a buɗe ya ga ɗinkin. Idan ke kika mayar da baƙo za a ce kin raba shi da danginsa, ita kuwa a matsayinta na babba tana iya cewa a tsaya a zaure a yi addu'a, ba mai cewa uffan.

Ƙaninsa yana da haƙƙin tambaya, tun da ya zuba dukiyarsa, kuma yana iya neman cikakken rahoton aikin a rubuce, wanda likitocin nan ma za su amfana da shi don su san jijiya nawa aka ɗeba daga ƙirjin. Amma fitowar ciwo ita kaɗai ba hujja ba ce ta an ɓata aiki, domin yana faruwa har a manyan asibitocin duniya, balle ga mai haɗura shida. Komawa Indiya yanzu yana nufin neman biza da tikiti, da tafiyar mota zuwa Kano ko Abuja, da sa'o'i masu yawa a jirgi da ƙashin da ba a tabbatar da ƙarfinsa ba. A fara magani a nan, likitocin biyu su riƙa tuntuɓar juna, idan daga baya suka ga a mayar da shi wani wuri su za su faɗa. Ya adana kuɗin tikitin, domin idan ciwon ya yi zurfi za a buƙaci a wanke shi a ɗakin tiyata, a cire mataccen nama da wataƙila wayoyin, a sa na'urar da ke zuƙe ruwan miki, wani lokaci a jawo tsokar ƙirji a rufe wurin, ga allurai ta jijiya da kan kai mako shida.

Bayan an sallamo ku, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa mikin da bayan kin taɓa, ki bi yadda nas ta nuna miki, kada a barbaɗa garin kafso ko hoda, kada a shafa man zafi ko wani jiƙo. Riga mai laushi wankakkiya kullum, a busar da lanƙwasar tumbi bayan wanka, a ɗora ƙafar da aka yanka a kan matashi idan yana zaune. Kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5, ko da rabin bokitin ruwa ne, kada kuma ya dogara hannuwansa ya tura jikinsa wajen tashi. Wannan ya shafi sujada, domin sauka da tashi daga ƙasa suna ɗora nauyi a ƙashin, kuma hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba wanda bai iya tsayuwa ba damar yin salla a zaune, saboda haka ya zauna a kujera ya yi ishara har likita ya ba shi izini. Yanzu ba lokacin rage ƙiba da yunwa ba ne, miki yana buƙatar ƙwai da kifi da wake da nama marar kitse da miyar ganye, abin da za a rage shi ne girman malmalar tuwo, da sukarin shayi da na fura, da kunun zaƙi. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta awon suga a lokutan da likita ya tsara, da zafin jiki safe da yamma, ki tafi da shi duk ranar ganin likita, kuma ranar da kika ga zafin ya kai 38 ko lambar suga ta sake hawa ba dalili, ku koma Shika ba sai ranar da aka ba ku ta yi ba.